Yadda Kayan Aiki Ke Hawa Bango a Ƙasar Rima

A falukan birni yanzu akan ga wani ɗan saƙin ƙarfe ko na itace kafe a bango, an rataya masa hotuna da ƙananan fitilu. Asalinsa don fure mai yaɗo aka ƙera shi, ya sami abin kamawa ya hau, amma mai gidan ba ta da furen, kuma ba ta nemansa. Masu ganin wannan sukan ce sabon yayi ne da aka kwaso daga waya. Siffar abin sabuwa ce, wannan gaskiya ne. Ɗabi'ar kuwa, wato a ɗauke kayan aiki daga aikinsa a ɗora shi inda ido zai huta a kansa, ta girmi kowane kanti a ƙasar nan, kuma matan ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo sun daɗe da ƙwarewa a kanta a cikin jeren ɗaki.

Daga gindin darni ma labarin ya faro. Da ruwan fari ya sauka, mace a Kwargaba ko Achida takan tura 'yan ƙwayoyin duma a gindin darnin kara, yaɗon ya bi shi ya haye rumfa, 'ya'yan su yi ta lilo har kaka. Masu dogon wuya su zama ludayi da gora. Manyan da suka kwanta a gona su zama ƙwarya da masaki. Mafi yawansu aiki suke tafiya: dama fura, tatsar nono, bakace, har su tsage gyartai ya ɗinke. Amma akwai 'yan kaɗan da ake warewa, waɗanda suka fito da'ira sosai, ba tabo ba lanƙwasa. Su ake kai wa mai zane ya bi su da wuƙa mai zafi, a jera su babba a ƙasa ƙarami a sama, a sa a ragaya, a kife da faifan da aka rina kabarsa da karan dafi. Waɗannan ba su taɓa ganin fura ba. Ƙwarya ce cikakkiya, za ta iya aiki gobe in an so, kuma hana ta aikin shi ne adon, domin yana shaida cewa mai ɗakin tana da abin da ya wuce bukatarta.

Wurno wuri ne da ya dace a bi sawun wannan al'ada. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta a matsayin ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, kuma lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka garin a 1853 nan ne mazaunin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Gari mai fada yana jawo fatake, fatake kuma suna kawo abin da darni ba ya haifarwa, kamar tasoshin tagulla irin na maƙeran Nupe, waɗanda a gidajen masu hali suka hau saman ƙwarya a jere. A wannan zamanin ne Nana Asma'u take naɗa jagororin mata na ƙungiyarta ta 'yan taru da malfa da jan rawani: hular shiga rana ta koma alamar girma a kan mace malama. Babban sauyi ya zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Kantunan Turawa suka cika da langa da fanteka da kwalla masu fenti, daga Turai da farko, daga baya daga Hong Kong, kafin a soma buga su a masana'antun Nijeriya. Cikin ƙarni guda jere ya sake fuska sau da yawa: langa ta ture ƙwarya, tangaran da gilas suka ture langa, kabad mai madubi ya ture ragaya. Abin da bai sake ba shi ne ƙa'idar: kwanon jere ba a cin tuwo a cikinsa. Sa'an nan roba da kula suka ƙwace aikin ƙwarya da faifai a madafa, sai ga su sun sake hawa bango, wannan karon a otal-otal da ofisoshi da falon 'yan boko.

Akwai masu cewa duk wannan almubazzaranci ne da fariya, kuma ba a yau suka fara faɗa ba. Malamai sun sha yin wa'azi a kan uban da zai sayar da gona don kada 'yan ganin ɗaki su raina 'yarsa. Maganarsu tana da ƙafa, don gasar jere ta karya magidanta da yawa, ta kuma jinkirta auren da bai kamata ya jinkirta ba. Sai dai wanda ya tsaya nan ya manta na wane ne kayan. Kayan ɗaki mallakar matar ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. In fari ya zo irin na 1973, ko ambaliya irin wadda ta ci ƙauyukan bakin Rima a 2010, kwalla da tasa suna cikin 'yan abubuwan da mace ke iya miƙa wa dillaliya ba tare da neman izinin kowa ba. In 'yarta ta isa aure, daga nan za ta fara tsinto mata. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki ke auna darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta, kuma Maraɗi ba ta da nisa da Goronyo, ko a hanya ko a al'ada. Ga macen da ba ta da gona da sunanta, ba ta kuma zuwa banki, jere asusu ne da ake iya gani da ido.

Wata sukar ta fi wannan kaifi, kuma ita ce ta cancanci a daɗe a kanta. Masu ita suna cewa kwatanta adon yau da jere zalunci ne ga jere, domin matattakalar fure da aka kafa a bango, ko faifan da aka saya don otal, ba dukiya ba ne. In an gaji da shi juji za shi, babu dillaliyar da za ta taya. Haka ne, a nan zaren ya tsinke, kuma ba shi da amfani a ɓoye. Amma hasarar ba a ɗakin mai saye ta fi tsanani ba, a hannun mai saƙa take. Faifan da za a yi fifita da shi ko a rufe nono dole ya yi ƙanƙan, zaren kaba ya matse ciyawar ta yadda ko an ɗaga shi a rana haske ba zai keto ba. Wanda za a rataya kuwa launi kawai ake nema, mai saye daga nesa zai kalle shi, saboda haka mai saƙa ta koyi sassautawa ta gama biyu a lokacin da take gama ɗaya. Ba za a zarge ta ba, kasuwa ce ta koya mata. Duk da haka wannan kasuwar adon ita ce ke riƙe da sana'ar a wuraren da murfin roba ya riga ya kore ta daga madafa, kuma yarinyar da ta koyi saƙa mai sako-sako tana iya matse hannu ranar da aka biya ta kuɗin matsewa. Mai sayen faifai don bango a kasuwar Achida, in ya ɗaga shi ya duba ta rana, ya kuma yarda ya biya bambancin, zai samu har yanzu akwai tsofaffin da ke saƙa irin na da.