Na'urar rada mai auna gudu

Na'urar rada mai auna gudu ana riƙe ta a hannu kamar bindiga. Tana harba igiyar rediyo, igiyar ta bugi abin da ke tafiya ta dawo, sai a lissafa gudun daga sauyin da igiyar ta yi, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842.

Ana amfani da ita a wasanni ma. A wasan lakros na Arewacin Amurka, ƙwallon gwanaye kan wuce kilomita 160 a sa'a. Mai awo yakan tsaya bayan raga, daidai saitin ƙwallon, domin da ya karkace da digiri 30 sai lambar ta ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari.

A Najeriya direbobi sun fi sanin na'urar a hannun jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988.