Wa Ya Sa Zamfara Cikin Banza Bakwai?

Yaron da ya tashi a Banga ko Shinkafi, Hausa ya sha a nono, Hausa kakanninsa suka yi. Amma da ya shiga aji, sai littafi ya ce masa Zamfara na cikin Banza Bakwai, jere ɗaya da Nupe da ƙasar Yarbawa. Daga ina wannan hukunci ya fito?

In aka bi sawu, za a tarar ginshiƙinsa ɗaya ne: labarin Bayajidda na fadar Daura, wanda ya raba jikokin Daurama da na kuyanga Bagwariya, wato Banza Bakwai. Labari ne na gidan sarauta, mai faɗin wa ke da zumunci da Daura. Bai tashi bayanin harshe ko asalin talakawa ba.

Jerin sunayen ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, akwai Borgu da Gurma cikin Banza Bakwai. Heinrich Barth, da ya ratsa ta Zurmi a 1853, Gwari da Kwararrafa ya kawo a gurbinsu. Shaidar da ke canza baki haka ba ta isa a yanke wa al'umma guda hukunci da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da aka rubuta waɗannan bayanai. Tun wajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Gidan sarautar Zamfara ya watse, aka fake a Kiyawa, aka yi ta ƙaura har aka zauna a Anka. Ke nan sa'ad da alƙalami ya zo, Zamfarawa ba su da babbar fadar da baƙo zai sauka ya ji nasu zancen. Aka saurari waɗanda ke tsaye, aka ɗauka an ji kowa.

Alhali nasu zancen yana nan. Sun ce daga Dutsi suka faro, cikin ƙasar Zurmi ta yau, inda ake nuna manyan kaburbura ana cewa na sarakunan farko ne, ƙattai irin su Dakka. Suna kuma tuna sarauniya 'Yargoje. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin sarakunansu a 1959, sannan Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan Sakkwato, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kan tasowa da rushewar Zamfara, ya kira ta daular Hausa kai tsaye.

Tsawon kabari ba hujja ba ce ta tsawon mamaci, don haka labarin Dutsi shi ma yana buƙatar masu tonon kayan tarihi su gwada shi. Rashin tsaron da ya addabi Zurmi ya sa zuwa wurin ma ya zama kasada.