Birnin Sin da Zangon Fatake na Titin Guangyuan

Tun kafin Bahaushe ya san inda ƙasar Sin take a taswira ya san sunanta. Almajiri yakan ji shi a zauren malaminsa, cikin maganar nan da ake jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta neman ilimi ko da a Birnin Sin ne. Malaman hadisi da yawa sun raunana wannan ruwaya, amma raunin bai hana ta zama a bakin mutane ba, har Birnin Sin ya zama kirarin duk wurin da ya yi nisan da ba a zato. Yau kuwa ɗan kasuwar Kantin Kwari yakan hau jirgi a Kano ko Ikko, ya sauya wani a Addis Ababa, kafin kwana biyu ya sauka a Guangzhou, birnin da Turawa suka daɗe suna kira Kanton.

A arewacin tsohon birnin, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, akwai wata hanya da ake kira Titin Guangyuan na Yamma. Gefe da gefenta benaye ne na kasuwannin sari, mafi shahara cikinsu ita ce Canaan, inda ake cinikin tufafi da takalma da jakunkuna, ana ɗaure su dila-dila zuwa Afirka. Galibin 'yan Nijeriya da suka kafu a wannan titi 'yan ƙabilar Ibo ne. Hausawa da sauran Musulmi na Nijar da Mali da Gini sun fi sauka a unguwar Xiaobei, can gabas kaɗan, inda ake samun abincin halal, amma neman kaya yakan kawo kowa Guangyuan. Hanyar ta buɗe ne sannu a hankali. A 1978 Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar ga cinikin waje. A 1997 tattalin arzikin Tailan da Indunusiya ya durƙushe, 'yan Afirka da ke sayayya a Bangkok da Jakarta suka fara karkatowa nan. A 2001 kuma Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, masana'antun lardin Guangdong suka cika duniya da kaya masu araha.

To, shi Bahaushen da ya sauka a wannan wuri bai zo da kai wofi ba. Kakanninsa fatake ne. Sun bi hanyar Gwanja da jakuna, suka kai kanwa da baƙin yadi Salaga suka komo da goro, suka kafa zango a Kumasi da Akara, suka kafa Sabo a Ibadan cikin 1916. Duk inda suka je tsarin ɗaya ne: akwai fatoma mai ba da masauki da ajiyar kaya, akwai dillali mai sada mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa, akwai amana wadda ta fi takarda ƙarfi, akwai kuma masallaci inda ake sanin wane ne wane. Wanda ya san wannan tsari zai gane shi nan take a Guangzhou. Mai ofishin jigilar kaya shi ne fatoman zamani, ɗalibin da ya ƙware da Sinanci ya zama tafinta kuma dillali, kuɗi kuwa sukan ratsa teku bisa kalmar mutum biyu. Akwai kuma wani abu da tarihin zango ya koya wa Bahaushe, watau cewa baƙunci mataki ne da ake wucewa. Baƙo yakan daɗe ya yi aure, a naɗa sarkin zango, a yi limami, jikoki su tashi 'yan gari.

Shi ma birnin yana da abin da zai ƙarfafa masa wannan zato, domin Musulmi sun fi shekara 1,000 suna ciniki a cikinsa. Larabawa da Farisawa suna kiransa Hanfu. Wani littafin Larabci na labaran Sin da Hindu, wanda aka rubuta a 851, ya ce sarkin Sin ya naɗa wa Musulmin birnin mutum daga cikinsu yana yi musu shari'a, yana kuma jan su sallar idi. Masallacin Huaisheng, mai hasumiyar da ta kai kamar mita 36, yana nan tsaye, yana cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar. Ibn Battuta ya ba da labarin birnin da sunan Sin Kalan, ya ambaci kasuwar tangaran da unguwar Musulmi mai masallaci da alƙali. Akwai masana da ke tantamar ko ya taka ƙasar Sin da ƙafarsa, amma abin sha'awa shi ne wannan matafiyi ɗin ne ya isa Takedda a 1353, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno. Ke nan tun ƙarni na 14 Gobir da Kanton suka haɗu cikin littafi guda.

Abin da ya fi taɓa zuciyar baƙo Musulmi kuwa shi ne wata tsohuwar maƙabarta da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda daga Guangyuan mutum zai iya isa da ƙafa. A nan akwai ƙubba da Musulmin Sin suka yi imani kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ce, sahabin nan jagoran yaƙin Ƙadisiyya, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ruwayarsu ta ce shi ya kawo Musulunci ƙasar. Littattafan tarihin Musulunci ba su goyi bayan haka ba. Abin da suka tabbatar shi ne Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Abin da tarihin daular Tang ya rubuta shi ne zuwan jakadun Halifa Usmanu fadar sarkin Sin a 651. Ni a ganina ba a rasa dalilin wannan ruwaya. Al'ummar da ke zaune a ƙarshen duniyar Musulmi, cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, tana bukatar igiyar da za ta ɗaure ta da Madina, kuma mu da muke da labarin Bayajida daga Bagadaza ba mu ne za mu yi mata dariya ba. Ran Juma'a masallacin da ke cikin maƙabartar yakan cika ya batse, Bahaushe da Balarabe da Bapakistane da Musulmin Sin a sahu ɗaya. Wanda ya yi salla a wannan sahu da wuya ya ji cewa shi bare ne.

Sai dai mai masaukin yana karanta tarihin nan ta wata fuska dabam. Unguwar Musulmi ta zamanin Tang gata ce, amma kuma shinge ce: an keɓe wa baƙi wuri, an naɗa musu shugaba wanda hukuma za ta tuhuma idan wani abu ya faru. Kuma zaman bai ƙare lafiya ba, domin wajen 879 ɗan tawaye Huang Chao ya ci birnin ya karkashe baƙin 'yan kasuwa, har Abu Zaid na Siraf ya ce mutum 120,000 ne suka halaka, Musulmi da Yahudawa da Kirista da Majusawa. Daga 1757 zuwa 1842 Kanton ce kaɗai tashar da aka yarje wa Turawa ciniki, aka kuwa tsare su a 'yar tsirin ƙasa bakin kogi. Da Ingilishi suka karya wannan shinge da igwa a Yaƙin Ofiyom, a ƙauyen Sanyuanli ne manoma suka tasam ma sojojinsu a watan Mayu na 1841, labarin da ake koya wa 'yan makaranta a ƙasar. Sanyuanli ɗin nan kuwa ita ce unguwar da ke maƙwabtaka da Titin Guangyuan. A idon hukumar Sin baƙo mutum ne mai rajista da wa'adi, a yi ciniki da shi cikin mutunci, in lokacinsa ya cika ya koma gida. Haihuwa a ƙasar ba ta mai da ɗan baƙo Basine, ibada sai a wurin da aka yi wa rajista, kuma doka ta hana baƙo neman mabiya addini cikin 'yan ƙasa.

Inda fahimtocin biyu suka yi karo shi ne kan biza. Ciniki da masana'anta yakan ɗauki watanni, takardar izinin zama kuwa sau da yawa ta kwana 30 ce, mutane da dama suka zarce wa'adi suka koma wasan ɓuya da 'yan sanda. A watan Yuli na 2009 wani ɗan Nijeriya ya diro daga bene yana gudun binciken fasfo, labari ya bazu cewa ya mutu, 'yan Afirka fiye da 100 suka kewaye ofishin 'yan sanda na unguwar. A watan Yuni na 2012 wani ya mutu a hannun 'yan sanda bayan rigima da ɗan acaɓa kan kuɗin haya, jama'a suka tare Titin Guangyuan. A 2013 sabuwar dokar shige da fice ta fara aiki, mai tarar yuwan 500 kan kowace ranar zarcewa har zuwa 10,000, ko tsarewa. Mafi ciwo shi ne watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilan Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Jawaban gwamnati cike suke da zumuncin taron Bandung na 1955 da layin dogon Tanzaniya zuwa Zambiya, amma ɗan sandan da ke bakin kasuwa ba wannan babi yake karantawa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mu ma hannunmu tsaf yake. Sa'ad da Sinawa suka buɗe rumbuna a Kantin Kwari, 'yan kasuwar Kano ba su ce a naɗa musu sarkin zango ba. Sun yi kuka cewa baƙi sun shigo sun ƙwace musu sana'a, a 2012 kuma jami'an shige da fice suka kama Sinawa da dama a kasuwar. Kukan yana da tushe, domin atamfa da shaddar Sin sun taimaka wajen rufe masaƙun Kano da Kaduna, sun kuma rage wa marinan Ƙofar Mata ciniki. Amma ai fatakenmu ne da kansu suka fara kai samfurin zane Guangzhou suka ce a buga musu irinsa da araha.

Zangon Guangyuan bai kai ga zama Sabo ba. A 2014 hukumar birnin ta ce 'yan Afirka 16,000 ne ke zaune a Guangzhou. A Afrilun 2020 ta ƙidaya 4,553. Bayan an buɗe iyakoki a 2023 masu sayayya sun komo, sai dai da yawa sati biyu ko uku suke yi su juya, wasu sun karkata zuwa Yiwu, wasu kuma daga rumfarsu ta Kwari suke duba kaya ta WeChat, su aika kuɗi, su jira kwantena ta iso Ikko ko Kwatano.