Mazubin Harsashi

Mazubin harsashi kayan aiki ne na ƙarfe, ko na dutse a zamanin da, wanda ake zuba narkakkiyar dalma a cikinsa domin ta daskare da siffa da nauyin da bindiga ke buƙata. Ɓari biyu ne masu haɗuwa daram, kowane ɓari ɗauke da rabin ramin harsashin. An fifita dalma a wannan aiki saboda nauyinta, wanda ya kai giram 11.3 a kowane santimita kubik, da kuma sauƙin narkewarta a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zafin da wutar gawayi ke iya kaiwa. Darajar mazubi ta ta'allaƙa ne ga yadda harsashin da ya fitar ya dace da bututun bindigar da aka yi shi dominta.

Mazubi ya girmi bindiga da fiye da shekaru dubu ɗaya da ɗari biyar. Sojojin Girka da na Rum suna zuba dalma a mazubin yumɓu su fitar da ƙwayoyin majajjawa, sau da yawa da rubutu a jikinsu. A kufan garin Olintus, wanda Sarki Filibus na biyu na Masidoniya ya ci a shekara ta 348 kafin haihuwar Annabi Isa, an tono irin waɗannan ƙwayoyi ɗauke da sunan sarkin. Haka kuma an samu wasu a Ferusiya ta ƙasar Italiya, daga ƙawanyar da aka yi wa garin tsakanin shekara ta 41 da ta 40 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da bindiga ta yaɗu a Turai a ƙarni na 15 da na 16, harsashinta dunƙulalle ne, mazubinsa kuma ya ɗauki siffar awartaki na baƙin ƙarfe ko na tagulla. Tun da maƙera ne ke ƙera bindigogi ɗaya bayan ɗaya, faɗin bututu yakan bambanta, don haka akan sayar da bindiga tare da mazubinta. Daga nan ne aka samo tsarin auna bindiga da yawan ƙwayoyin da ke fita daga laba ɗaya ta dalma: bindiga mai lamba 12 ita ce wadda ƙwayoyi 12 masu cika bututunta ke yin laba guda. A yankunan Amurka da Turawa suka fara zama, inda kayan ƙarfe ke da wuyar samu, an sassaƙa mazubai daga dutse mai laushi. Ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsaye kuwa sun daina buƙatar mazubi bayan 1782, shekarar da William Watts na Biristol ya yi rajistar dabarar kwararo dalma daga saman hasumiya zuwa cikin ruwa.

Babban sauyi ya zo a 1849 da harsashin hafsan sojan Faransa Claude-Étienne Minié. Harsashin dogo ne mai tsini, gindinsa da kogo. Yana shiga bututu ba tare da turjiya ba, idan albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagogin da ke murɗe a cikin bututun, harsashin ya fita yana juyawa. Zubinsa ya buƙaci ɓari na uku, wato ƙusa da ake sakawa ta ƙasa domin ta samar da kogon. Bindigar Enfield ta Ingila ta 1853, mai faɗin baki inci 0.577, da Springfield ta Amurka ta 1861, mai inci 0.58, duka da harsasan wannan tsari suka yi aiki. A wannan zamani kamfanin Colt yana haɗa ƙananan bindigoginsa da mazubi mai rami biyu, ɗaya na dunƙulallen harsashi, ɗaya na mai tsini.

Mazubin zamani ya ƙunshi tubala biyu na ƙarfe, da 'yan ƙusoshi masu daidaita haɗuwarsu, da mariƙin katako mai kare hannu daga zafi. A samansa akwai faranti mai huda, ta inda dalma ke shiga, wanda kuma idan aka ture shi yake yanke ragowar da ta daskare a baki. A fuskokin tubalan ana jan siraran layuka da iska ke bi ta fita. Ramin kansa ana yanka shi da wuƙar inji mai siffar harsashin, har da zoben da ke riƙe man shafawa na kitse da kakin zuma. Yawan ramuka yana kamawa daga ɗaya zuwa shida ko fiye.

Ƙarfe uku ne aka fi yin mazubi da su. Baƙin ƙarfe yana riƙe zafi kuma yana daɗewa, sai dai yana tsatsa idan ba a shafa masa mai ba. Tagulla ba ta tsatsa, tana fitar da siffa tsaf, amma tana da nauyi a hannu. Alminiyam ya fi araha da sauƙin ɗauka, yana saurin ɗaukar zafi da saurin hucewa, kuma ya fi saurin lalacewa idan aka yi masa riƙon sakainar kashi.

Zaɓen mazubi yana farawa ne daga bindigar. Masu wannan sana'a sukan auna faɗin bututun daga gindin tsaga zuwa gindin tsaga, su nemi mazubin da harsashinsa ya ɗara wannan awo da kimanin inci 0.001, domin harsashin da ya gaza yakan bar iskar albarushi ta kurɗa ta gefensa ta shafa dalma a bututu. Nauyi ana lissafa shi da ma'aunin giren, wanda 7,000 daga cikinsa ke yin laba ɗaya, kuma harsashi mai tsawo yana buƙatar tsagogi masu saurin murɗewa kafin ya tafi daidai. Gaurayen ƙarfe ma yana sauya sakamako: haɗin da ake kira Lyman lamba 2, mai kashi 90 na dalma da 5 na kuza da 5 na antimoni, yana fitar da harsashi mai ɗan faɗi da rashin nauyi fiye da na dalma zalla daga mazubi guda. Siffar kai tana bin manufa. Elmer Keith, a ƙarshen shekarun 1920, ya tsara harsashi mai shimfiɗaɗɗen kai da kafaɗa mai kaifi, wanda mazubinsa mai lamba 429421 ya shahara a wurin maharba.

Amurka ce cibiyar ƙira da cinikin mazubai. John H. Barlow ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven a 1884, kamfanin Lyman kuma ya mallake shi a 1925. An kafa kamfanin RCBS a 1943 a Kalifoniya, na Lee a 1958 a Wiskonsin, shi ne kuma ya yi fice a mazuban alminiyam. Ƙananan maƙera suna yanka mazubi bisa awon da mai saye ya aiko, musamman domin tsofaffin bindigogin da aka daina ƙera harsashinsu. A kasuwar tsofaffin kaya ana duba tsatsa a cikin rami, da haɗuwar tubalan, da lanƙwasar farantin sama.

Amfanin mazubi a aikin soja ya ja baya bayan Eduard Rubin na Suwizalan ya fito da harsashi mai rigar ƙarfe a 1882, da kuma samuwar albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, domin dalma tsirara ba ta jure irin wannan gudu. Mazubi ya ci gaba da aiki a hannun maharba da 'yan wasan harbi da masu adana bindigogin tarihi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta ɗora mallaka da ƙirar bindiga da harsashi a kan izinin hukuma. Dalma kuma guba ce, kamar yadda mutuwar yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ta nuna, kuma saboda illarta ga namun daji jihar Kalifoniya ta haramta farauta da ita daga Yulin 2019. Ga masu binciken tarihi, mazubi da abin da ya fitar hujja ne: a filin yaƙin Watalu na 1815, faɗin ƙwayar dalma da aka tono yana bambanta harbin sojan Ingila da na sojan Faransa, domin bindigar Ingila ta fi faɗin baki.