Harshen Abure da Haruffan Faransa

Mutanen Abure suna zaune a kudu maso gabashin Kwaddebuwa, gabas da birnin Abijan, inda kogin Komoe yake gangarowa teku. Manyan garuruwansu su ne Bonoua da Moossou da Ebrah. Bisa ga tarihin da dattawansu suke bayarwa, daga gabas kakanninsu suka fito, wajen ƙasar Ghana ta yanzu. Harshensu ma ya shaida haka, gama dangin Akan da Anyi da Baule ne.

Tun da wuri Turawa suka iske su. Faransawa sun ƙulla yarjejeniya a Grand-Bassam a 1842, a 1893 kuwa garin ya zama hedkwatar mulkinsu ta farko a ƙasar, kafin zazzaɓin shawara ya kore su zuwa Bingerville. Da kunnen Faransa aka fara jin harshen Abure, da haruffan Faransa kuma aka rubuta sunayensu. Shi ya sa mai karatu zai ga “ou” a Bonoua da Moossou, inda Bahaushe zai sa “u” kurum.

Amma rigar ta yi wa harshen kaɗan. Mu wasula biyar muke rubutawa. Abure yana da tara. Akwai “i” iri biyu, haka “e” da “o” da “u”, ɗaya ana tura gindin harshe gaba, ɗaya ba a turawa. Bakin baƙo yakan haɗa su wuri ɗaya, ɗan gari kuwa nan da nan zai gane. Waɗansu wasulan ta hanci suke fita. Akwai kuma “kp” da “gb”, waɗanda ake rufe leɓe da bayan harshe a lokaci guda. Sauti ɗaya ne kowannensu, ko da yake haruffa biyu ne a takarda.

Sai hawa da saukar murya, abin da muka sani sarai, tun da shi ne yake raba gòrā da gōrà a bakinmu. Da shi gangunan Abure suke magana, kamar kalangu. Rubutun Faransanci ba shi da wurin sa wannan, a ganina kuwa nan ne hasara ta fi yawa.

Sai a farkon shekarun 1980 Jonathan Burmeister ya bayyana sautukan harshen a littafin harsunan Kwa na ƙasar. Lokacin nan Eotile, ɗan’uwansa mafi kusa, ya kusa ƙarewa, gama yawancin masu shi sun koma Anyi. Abure yana nan da dubban masu magana, amma Faransanci ne harshen makaranta da ofis, Abijan kuma tafiyar sa’a guda ce daga Bonoua.