Yadda Waya Ta Gaji Dandali a Sabon Birni da Isa

A da, daren yaro a ƙasar Gobir yana da tsarinsa. Bayan magariba a zauna gaban malam, a biya allo a hasken wutar kara. In an tashi, 'yan mata su nufi dandali su yi gaɗa, samari su kama langa ko kokawa, ƙanana su kewaye kaka don tatsuniya. Labarin duniya kuwa yana cikin rediyon maigida, gidan rediyon Rima na Sakkwato ko sashen Hausa na BBC, yaro sai dai ya saci ji daga bakin zaure.

A 2001 MTN da Econet suka kawo wayar salula Najeriya, Glo ta biyo baya a 2003. Layi ya yi tsada a farko, kuma sai da aka ɗau shekaru kafin sabis ya ratsa ƙauyukan gabashin Sakkwato. Waya ta fara ne a aljihun 'yan kasuwa da ma'aikata. Rabon yaro a lokacin shi ne a aike shi kai caji, ya laɓe a hanya ya buga wasan maciji a Nokia mai tocila.

Zuwan Tecno da Itel masu araha ne ya sauke ta zuwa hannun matasa, ya kuma bunƙasa sana'o'i biyu. Ga mai caji da janaretansa ko sola, wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta. Ga mai turi da kwamfutarsa, yana loda wa memori finafinan Kannywood, da Indiya-Hausa ta Algaita, da karatun malamai. Yaro ɗaya ya biya, sauran su kwashe ta Xender ba tare da sun ƙona data ba. Kawuna biyar kan waya ɗaya har tsakar dare, da safe a yi ta gyangyaɗi a aji. Kukan malaman makaranta a kan wannan gaskiya ne.

Sai dai hukuma da kanta ta ɗaura boko a jikin na'ura. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, daga 2021 kuma sai ɗalibi ya tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 kafin ya yi rajista. Ɗan ƙauyen da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba haka zai shiga ɗakin jarrabawa ya kara da ɗan Abuja. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, 'ya'yan masu hali a birane suka koma karatu ta intanet, na karkara suka koma gona.

Dandalin ma, tsoro ne ya fi watsa shi. A Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai suka tsallaka zuwa jihar Maradi ta Nijar, makarantun ƙauye da dama suka zama kango. Uwar da ta hana ɗanta fita bayan isha'i ta gwammace ta gan shi a ɗaki riƙe da waya.

A Satumba 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni, don toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mazauna bakin iyaka suka koma laluben layukan Nijar, ɗalibin da ke karatu a Sakkwato ya rasa yadda zai ji lafiyar gida.

Iyaye su sa wa waya lokaci, wannan haƙƙinsu ne. Amma buɗe makarantun da aka rufe, da zuba musu kwamfutoci da sola, da tsaron da zai bar yara su fita wasa da dare, nauyi ne a wuyan gwamnati, kuma yaran Isa da Sabon Birni sun daɗe suna jira.