Fatima, macen da ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san littafin Risala. Wanda ya yi nisa kaɗan ya san Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne, wani tsohon birni cikin ƙasar Tunisiya. Mai Ajurumiyya kuwa a birnin Fas ya zauna, cikin ƙasar Maroko, can ya rasu a shekarar 1323. Ƴan Tijaniyya ma sun san Fas, don can kabarin Shehu Ahmadu Tijani ya ke. To, akwai wata mace wadda asalinta Ƙairawan ne, aikinta kuma yana Fas. Sunanta Fatima ɗiyar Muhammadu Alfihiri. Yau labarinta za mu karanta.

A zamaninta Fas sabon gari ne. Sarki Idrisu na ɗaya ya kafa shi wajen shekarar 789, ɗansa Idrisu na biyu ya ƙara shi. Gulbi ya raba garin biyu. Baƙi suka riƙa zuwa. Waɗansu sun gudo daga Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wadda a yau a ke kira Isbaniya, suka zauna a gaɓa guda. Waɗansu sun taso daga Ƙairawan, suka zauna a ɗaya gaɓar. Aka kira unguwarsu Ƙarawiyyin, wato unguwar mutanen Ƙairawan, kamar yadda mu ke cewa zango ko unguwar baƙi. Tafiyar da suka yi ta fi nisan Yamai zuwa Damagaram, kuma babu mota. Gidan su Fatima na cikin waɗannan baƙi.

Wani marubuci mai suna Ibn Abi Zar'i shi ya rubuta labarinta. Ya ce mutuwa ta shiga gidansu, Fatima ta gaji dukiya mai yawa. Dukiyar tata ce, rabonta ne na gado, ba mai hana ta yin abin da ta ga dama da ita. Tana iya sayen zinariya ta ɓoye. Tana iya ba fatake su juya mata. Sai ta dubi gari, ta ga jama'a sun yi yawa, masallaci ya yi musu kaɗan. Ta sayi wata garka a hannun wani mutum, ta biya shi da kuɗin gadonta. Aka fara haƙa tushen gini cikin watan azumi na shekarar 245 ta Hijira, wato 859.

Nan ne labarin ya fi daɗi. An ce Fatima ta hana a ɗauko ƙasa ko yashi ko dutse daga filin wani. Cikin garkar da ta saya aka gina rami, aka fidda abin gini. Cikinta kuma aka gina rijiya, magina suka sha, suka kwaɓa ƙasa. Ba ta son ko dunƙule guda na shakka ya shiga bangon. Mu da mu ke ƙauye mun san abin nan. Sau nawa a ke faɗa saboda wani ya ɗebi laka a kududdufin da ba nasa ba, ko ya ture iyakar gona da taki biyu? An ce kuma ta yi ta azumi tun ranar da aka fara aiki har ranar da aka gama, sa'an nan ta shiga ta yi salla ta gode wa Allah. Ƴar'uwarta Maryamu, in ji masu tarihi, ita ta gina masallacin Andalus a ƙetaren gulbi. Har yau masallatan biyu suna tsaye.

Sai dai a lura da abu guda. Ibn Abi Zar'i ya yi rubutunsa wajen shekarar 1326, fiye da shekara 450 bayan ginin. Kuma lokacin wani gyara an tarar da wani allon katako a masallacin, mai ɗauke da sunan Dawuda ɗan Idrisu da shekarar 877. Don haka waɗansu masu bincike suna cewa shi ne mai ginin, waɗansu suna cewa allon daga wani masallaci aka kawo shi. Gardamar ba ta ƙare ba. Ni dai abin da na duba shi ne, mutanen Fas suna da sarakuna da yawa da za su iya jingina wa wanga aiki, amma sunan baƙuwar mace suka riƙe.

Sau da yawa za ku ji ana cewa Fatima ta gina jami'ar da ta fi kowace tsufa a duniya. Maganar tana son gyara. Abin da ta gina masallaci ne ƙarami. Ba a ma yin sallar Jumma'a a cikinsa sai bayan fiye da shekara 50. Na baya su suka yi ta ƙari. A shekarar 956 aka gina masa hasumiya da kuɗin sarkin Ƙurɗuba. Daga 1135 sarakunan Murabiɗun suka faɗaɗa shi ƙwarai, har ya iya ɗaukar mutum wajen 20,000. Malamai suka riƙa zama jikin ginshiƙai, almajirai suna kewaye da su, kamar dai karatun zaure. Ana karanta Alƙur'ani da hadisi da fiƙihun Malikiyya da nahawu da lissafi da ilmin taurari.

Almajiri kuwa yana son wurin kwana da abinci. Sarakunan Banu Marin suka gina gidajen almajirai kewaye da masallacin, kamar makarantar Aɗɗarin wadda aka fara a 1323. A shekarar 1349 Sarki Abu Inan ya buɗe ɗakin ajiyar littattafai. Masu hali suka riƙa yin waƙafi: wani ya ba da kanti, wani gida, wani gona, a ce amfaninsu na masallaci ne har abada. Da wanga kuɗi a ke biyan malamai, a sayi man fitila da tabarmi. Babban masanin tarihi Ibn Khaldun ya zauna a Fas, daga baya kuma ya aiko da littafinsa aka ajiye a can. Wani wanda ya girma a garin, Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leyon na Afirka, a Fas ya yi karatu. Cikin littafin da ya gama a 1526 ya kawo labarin Agadas da Gobir da Katsina da Kano.

Ga abin mamaki. Wurin da mace ta kafa, sai cikin shekarun 1940 aka fara rubuta sunayen mata cikin ɗalibansa. Kusan shekara 1,100 ke nan. A 1963 gwamnatin Maroko ta mai da shi jami'a irin ta zamani.

Ɗakin littattafan kuma ya tsufa. Ruwa na bi ta ƙarƙashinsa, laima tana cin takardu, bango yana tsagewa. A shekarar 2012 aka danƙa gyaransa ga wata mace ƴar Fas mai ilmin zanen gini, sunanta Aziza Shawuni. Ta sa aka yi magudanar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, aka gyara katako da rufi, aka shirya ɗaki na musamman inda zafi da laima ba su taɓa takarda. Littattafan hannu wajen 4,000 ke ciki, har da wani Alƙur'ani da aka rubuta bisa fata fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Tsohuwar ƙofar ɗakin tana nan, ta ƙarfe ce mai kuba huɗu. A da kowane mabuɗi yana hannun mutum dabam, ba ta buɗuwa sai su huɗun sun hallara.